Rabe-Raben Zamunnan Ɗan Adam a Hikayoyin Al'ummu da Ilmin Baɗini

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan takarda wata tambaya ce da wani ɗalibi ya yi mana a aji, a kwalejin horon malamai inda muke koyarwa. Ya ce malamin tarihi ya koya musu cewa zamanin baƙin ƙarfe shi ne lokacin da ɗan Adam ya ci gaba, ya bar sassaƙa dutse ya kama ƙira; ga shi kuma mu a darasin adabi mun ce mutanen Girka na dā sun ɗauki zamanin baƙin ƙarfe a matsayin mafi munin zamunna. To, wane ne ke da gaskiya? Amsar da muka ba shi a ranar ba ta gamsar da mu kanmu ba. Manufarmu a nan ita ce mu duba yadda wasu al'ummu suka rarraba rayuwar ɗan Adam bisa doron ƙasa zuwa manyan zamunna, mu kuma nuna cewa irin wannan rabo hukunci ne da mai magana yake yanke wa zamanin da yake ciki, ko da yake yana sanye da rigar tarihi. Muddin aka bar shi a matsayin hukunci, wa'azi ne. Idan aka liƙa masa sunan wata ƙabila, ko aka ɗaura masa shekara, sai ya fara cin mutane.

Ƙarafa huɗu da saniya mai ƙafa ɗaya

Mafi shahara a cikin waɗannan hikayoyi ita ce ta Hesiyod, wani manomi mawaƙi da ya rayu a ƙauyen Askira na ƙasar Girka wajen shekara 700 kafin Miladiyya (K.M.). A cikin waƙarsa ta Ayyuka da Ranaku ya ce jinsin mutane biyar aka yi, ɗaya bayan ɗaya. Na farko mutanen zinariya ne, waɗanda ba su san wahala ko tsufa ba, ƙasa tana ba su abinci ba tare da noma ba, mutuwarsu kuma kamar barci ce. Sai mutanen azurfa, waɗanda yaro yakan yi shekara ɗari a gaban uwarsa yana wauta, in ya girma kuma ba ya daɗewa, domin ba sa girmama juna, ba sa yi wa allolinsu yanka. Na uku mutanen tagulla, gidajensu da makamansu duk na tagulla, sana'arsu yaƙi, su suka ƙare junansu. Na huɗu jarumawa ne, waɗanda suka yi yaƙin birnin Tibis da na Taroya. Na biyar su ne mutanen baƙin ƙarfe, watau shi Hesiyod da maƙwabtansa: wahala da rana, damuwa da dare, ɗa ba ya ganin girman uba, mai rantsuwar ƙarya ne ke cin riba. Ya ce alamar ƙarewarsu ita ce a riƙa haihuwar jarirai da furfura, sa'an nan kunya ta tattara nata ta bar duniya.

Abu biyu ya kamata mu lura da su. Na farko, jarumawa ba ƙarfe ba ne, kuma sun fi mutanen tagulla kirki, saboda haka sun karya tsarin gangarowar. Manazarta da yawa suna ganin Hesiyod ya tarar da hikayar ƙarafa huɗu ne a shirye, sai ya cusa jarumawan a tsakiya domin mutanensa ba za su yarda a yi lissafin magabata babu su ba. Na biyu kuwa, wanda ya fi muhimmanci ga batunmu, shi ne dalilin waƙar. Hesiyod rigimar gado yake yi da ɗan'uwansa Farsis, wanda ya ce ya ba sarakunan garin toshiya suka danne masa rabo. Ashe dai zamanin baƙin ƙarfe ba shi da nisa, yana nan a zauren shari'ar garinsu. Mutum aka zalunta a kan gona, sai ya tashi ya auna zaluncin da ma'aunin duniya baki ɗaya.

Bayan kimanin shekara 700, mawaƙin Rum Obid ya sake ba da hikayar, ya cire jarumawa, ya bar ƙarafa huɗu. A wurinsa laifuffukan zamanin baƙin ƙarfe su ne shata iyakar gonaki, da tuƙa jiragen ruwa don fatauci, da haƙo ma'adinai, watau ainihin abubuwan da daular Rum take taƙama da su. Ƙarafan nan sun bayyana kuma a Littafin Daniyel, a mafarkin Sarki Buhtunasar na wani gunki mai kan zinariya, da ƙirjin azurfa, da cikin tagulla, da ƙafafun baƙin ƙarfe gauraye da yumɓu, sai dai a can dauloli huɗu ake nufi. Majusawan Farisa ma suna da itace mai rassan ƙarfe huɗu, suna kuma ƙidaya wa duniya shekara 12,000 a kashi huɗu, kowane 3,000.

Mutanen Indiya ne suka kai wannan tunani maƙura ta fuskar lissafi. Zamunnansu huɗu ne, kowane ana ce masa yuga: Kirita, da Tireta, da Duwapara, da Kali. Sunayen daga jifan ƙwayar caca aka aro su, Kirita shi ne jifan da ya ci duka, Kali shi ne na faɗuwa. Sun siffanta gaskiya da adalci da bijimi mai ƙafa huɗu a zamanin farko, yana rasa ƙafa ɗaya a kowane zamani, har ya zama a zamanin Kali da ƙafa ɗaya yake tsaye. Tsawon zamunnan ma haka yake raguwa: na farko shekara 1,728,000, na biyu 1,296,000, na uku 864,000, na huɗu 432,000. Jimla 4,320,000 ke nan, wanda shi ne zagaye ɗaya, zagaye dubu kuma yini ɗaya ne na Barahma. Masana taurarinsu sun ce zamanin Kali ya fara a shekara 3102 K.M., saboda haka abin da aka ci daga cikinsa bai wuce shekara 5,100 da 'yan kai ba. Duniyar Musulmi ta daɗe da sanin wannan lissafi, domin Albiruni ya bayyana shi dalla-dalla a littafinsa kan Indiya wajen 1030.

Akwai hikima a cikin girman waɗannan alƙalumma da ba kasafai ake lura da ita ba. Wanda aka gaya wa cewa saura fiye da shekara 426,000 kafin zamani ya juya ba zai sayar da gonarsa ya fita jiran ƙarshen duniya ba. Lissafin ya tsawatar masa, amma bai tayar masa da hankali ba. Aztek na ƙasar Meziko ba su sami wannan sauƙi ba. Su a wurinsu rana huɗu aka yi aka hallaka kafin wannan, ɗaya da namun daji irin damisa, ɗaya da guguwa, ɗaya da ruwan wuta, ɗaya da ambaliya, ta biyar kuma girgizar ƙasa ce za ta tafi da ita. Hoton wannan yana sassaƙe a babban dutsen da aka tono a dandalin birnin Meziko a 1790. Kowace shekara 52 sukan kashe duk wutar ƙasar su kwana cikin fargaba, har sai an kunna sabuwa a ƙirjin mutumin da aka yanka. Na ƙarshe an yi shi a 1507.

Za a ga cewa daga Girka har Meziko, mai ba da labarin kullum a zamani na ƙarshe yake zaune, galibi kuma mafi lalacewa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga kunnen Bahaushe, wanda ya saba jin cewa mutanen dā samudawa ne, ya kuma ji a Tarihin Kano cewa Barbushe yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Tsohon da ke cewa zamani ya lalace ba ƙidaya yake yi ba, jikokinsa yake yi wa faɗa.

Lokacin da zamunna suka koma jinsuna

A ƙarni na 19 wasu Turawa masu da'awar ilmin baɗini suka ɗebo waɗannan hikayoyi suka ce tarihi ne na zahiri da aka ɓoye wa jama'a. Jagorarsu ita ce Helena Balabatski, 'yar ƙasar Rasha, wadda ta kafa ƙungiyar Tiyosofi tare da Kanar Olkot a birnin Niyok a 1875. A littafinta The Secret Doctrine na 1888 ta ce tushen jinsin ɗan Adam bakwai ne. Biyun farko ba su da jiki irin namu. Na uku sun zauna a nahiyar Lemuriya, na huɗu a Atlantis, duka biyu teku ta cinye su. Na biyar shi ne jinsin Ariya mai ci yanzu. Biyu suna tafe. Ta ce ta samo wannan ne daga wani tsohon littafi na ƙasar Tibet da babu wanda ya taɓa ganinsa in ban da ita.

Asalin kayan da ta haɗa ba ɓoyayye ba ne. Atlantis tsibiri ne da Aflatun ya kawo a matsayin misali a littattafansa biyu, wani Ba'amurke mai suna Donnelly ya farfaɗo da shi a 1882. Lemuriya kuwa wani masanin dabbobi ne na Ingila, Sclater, ya raɗa mata suna a 1864, don ya bayyana yadda aka yi ake samun wasu dabbobi masu kama da biri a Madagaska da Indiya. Zato ne na kimiyya, kuma kimiyyar ta yar da shi bayan da aka tabbatar da motsin nahiyoyi a shekarun 1960. Kalmar yuga da manyan alƙalumma daga Indiya aka kwaso su.

Abin da ya canja shi ne mai ɗaukar laifi. A wurin Hesiyod kowa na baƙin ƙarfe ne, har shi kansa. A tsarin Balabatski da almajiranta, mutanen da ke raye a lokaci guda an raba su zamani-zamani: mutanen asali na Ostareliya da wasu baƙaƙen Afirka aka ce ragowar Lemuriya ne da ke kan hanyar ƙarewa, Bature kuma shi ne mai riƙe da zamani. An rubuta wannan ne a daidai shekarun da ake rabon Afirka, bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, kuma ba ma tsammanin wannan haɗuwa ta banza ce. Daga baya wasu marubuta a ƙasar Ostiriya, irin su List da Liebenfels, suka ɗauki tsarin suka ƙara masa dafi, ya shiga cikin tunanin fifita jinsin Jamusawa. Mu ma ƙurar ta iso mu. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya ga wani kan tagulla da kawunan yumɓu a Ile-Ife, kyawunsu ya ruɗa shi, sai ya ce ai ya gano ragowar Atlantis, domin a ganinsa mutanen da ya tarar a wurin ba za su iya wannan aiki ba. Bincike ya tabbatar daga baya cewa Yarbawan Ife ne suka yi su, tsakanin ƙarni na 12 da na 15.

Ba duk masu baɗini na Turai ne suka bi wannan hanya ba. Rene Guenon Bafaranshe, wanda ya musulunta ya ɗauki suna Abdulwahid Yahya, ya rasu a Alƙahira a 1951, ya rubuta littafi guda yana ƙaryata Tiyosofi. Shi ya koma kan ma'anar farko: ya ce duniya tana ƙarshen zamanin Kali, kuma Turai ta zamani, da injunanta da son ƙidayar kome, ita ce babbar alamar lalacewar. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, a ƙalla gidansu ya nuna da yatsa.

A nan ne amsar ɗalibinmu take. Zamanin baƙin ƙarfe na malamin tarihi daga wani gida dabam ya fito. Thomsen, mai kula da gidan kayan tarihi na Kofanhagan, shi ya jera kayan da aka tono bisa abin da aka yi su da shi, dutse, sai tagulla, sai baƙin ƙarfe, ya buga tsarin a 1836. Shi kayan aiki yake aunawa, Hesiyod hali yake aunawa, suna ne kawai ya haɗa su. Tsarin Thomsen ɗin ma bai game duniya ba, domin maƙeran al'adar Nok a Taruga, kusa da Abuja, suna narka tama tun wajen shekara 500 K.M. ba tare da ƙasar ta ratsa wani zamanin tagulla ba.

Lokacin da aka ɗaura wa zamani shekara

Hanya ta biyu da wannan tunani yake cutarwa ita ce ta sa rana, kuma ita ce ta fi shafar tarihinmu. Kiristocin Turai sun ɗanɗana ta: Yowakim na Fiyore, wani malamin zuhudu na Italiya da ya rasu a 1202, ya raba tarihi uku, ya ƙidaya tsara 42 ta shekara 30, aka fahimci zamani na uku zai fara a 1260. Shekarar ta zo ta wuce. Amma bari mu tsaya a kan namu.

Wajibi ne mu bambanta abu biyu. Fifikon ƙarnin Sahabbai da bayyanar alamomin tashin Ƙiyama sun tabbata a hadisai, ba kuma su muke bincike a kai ba. Alƙur'ani ya bayyana a fili cewa sanin lokacin Sa'a yana wurin Allah shi kaɗai. Abin da muke magana a kai shi ne ƙidayar da ta shigo daga gefe, cewa duniya mako ɗaya ce daga makonnin Lahira, kowace rana shekara dubu, watau shekara 7,000. Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya kawo ruwayoyin 6,000 da na 7,000 a farkon littafinsa na tarihi. Isma'iliyya suka gina a kai, suka ce zagaye bakwai ne, kowane da mai magana da yawunsa, daga Annabi Adamu da Nuhu da Ibrahim da Musa da Isa zuwa Annabi Muhammadu (S.A.W.), na bakwai shi ne wanda suke jira. Ihwanus Safa na Basra su ma suna da zagayen shekara 7,000. Masu duban taurari irin su Abu Ma'ashar, wanda ya rasu a 886, suka zo da nasu ma'auni, watau haɗuwar Zuhal da Mushtari kowace shekara 20, da babbar haɗuwa bayan 240, da mafi girma bayan 960, suka ce da su dauloli da addinai suke sauyawa. Da irin wannan lissafi ne Alkindi ya yanke wa daular Musulunci shekara 693. Ibn Haldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, watau bayan wa'adin ya wuce, ya kawo waɗannan ƙidayoyi ya nuna rauninsu. Ibn Hazm da Ibn Kasir su ma sun ce babu wani adadi da ya inganta daga Annabi.

Duk da haka ƙidayar ba ta mutu ba. Da shekara ta 1000 ta Hijira ta gabato, sai magana ta yaɗu a Masar cewa al'umma ba za ta wuce dubu ba. Jalaluddin Suyuɗi ya rubuta ɗan littafinsa Alkashfu a 898 ta Hijira, daidai da 1492, don ya kwantar da hankalin jama'a. Ya karɓi ruwayar 7,000, ya lissafa shekarun da manyan alamomi suke bukata, ya ga ba za su shiga cikin abin da ya rage na dubun ba, sai ya yanke cewa al'umma za ta wuce 1000 amma ba za ta wuce 1500 ba. Ya kashe wata rana ne ta hanyar sa wata. Suyuɗi kuwa malami ne mai girma a idon ƙasar Hausa, har wasiƙar nasiha ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas, saboda haka lissafinsa ya sami gindin zama a zaurukan malamanmu.

Daga ruwayoyin da ya tattara ne aka ɗauko zaton cewa Mahadi zai bayyana a 1200 ko 1204 ta Hijira. Shekara ta 1200 ta faɗo a 1785 zuwa 1786, lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake tsakiyar yawon wa'azi, kuma babu shakka jin cewa lokaci ya ƙure ya ƙara wa jama'arsa himma. Abin da ya kamata ɗalibanmu su sani shi ne matakin da Shehu ya ɗauka daga baya. A littafinsa Tahzirul Ihwan, wajen 1814, ya musanta cewa shi ne Mahadi, ya kuma bayyana cewa abin da suka riƙa faɗa a wuraren wa'azi game da kusantowar lokacin bin Suyuɗi ne suka yi, amma da suka bincika sun ga babu wanda ya san lokacin a kan yaƙini. Ba ƙaramin abu ba ne malami mai wannan matsayi ya janye maganarsa a rubuce.

Janyewar ba ta kai ko'ina ba kamar yadda maganar farko ta kai. Cikin ƙarni na 19 mutane suka riƙa kwashe iyalansu suna nufar gabas don su tarbi Mahadi, har Maryam 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano cewa lokacin hijira bai yi ba, a tsare hanya. Da shekara ta 1300 ta matso, Muhammadu Ahmad ya yi da'awar Mahadiyya a Sudan a 1881, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga Balda a ƙasar Adamawa. Hijirar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a 1903 zuwan Nasara ne ya tayar da ita, amma dubban talakawan da suka bar gonakinsu suka bi shi sun karanta zuwan Nasaran a matsayin alamar ƙarshen zamani. An kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar, ɗansa ya ƙarasa da ragowar jama'a bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau. Haka kuma ranar farko ta shekara 1400, watau 20 ga Nuwamba 1979, ita ce ranar da Juhaimanul Utaibi da mutanensa suka kama Masallacin Ka'aba suna cewa Mahadi yana tare da su, aka yi mako biyu ana zubar da jini.

Wa'adin da Suyuɗi ya ɗiba bai cika ba tukuna. Shekara ta 1500 ta Hijira za ta kama a wajen ƙarshen 2076, kuma littafin Alkashfu yana nan ana karanta shi. Yaran da ɗalibanmu na yau za su koyar a firamare, da yawansu za su ga wannan shekara da idonsu, in Allah ya ba su rai.